Assia Djebar: yaya ta haɗa ƙagaggen labarin tarihi da aikin fim?

Ɗalibar Adabi:

Assalamu alaikum malamaina da 'yan'uwa. Ina neman bayani a kan marubuciyar nan ta Aljeriya, Assia Djebar. Duk inda aka ambace ta sai a jero kyaututtukan da ta ci, a ce ta rubuta labaran tarihi ta kuma yi fim, shi ke nan. Ni abin da nake so in fahimta shi ne aikin kansa. Me ya sa wadda ta yi suna da alƙalami ta ajiye shi ta ɗauki kyamara? Daga ina take samo tarihin da take ginin labari a kai, kuma yaya take raba abin da ya faru da abin da ta ƙirƙira? In wani ya so bin hanyarta, a ina aikin yake ɓaci? Allah ya saka da alheri.

Malam Mai Tarihi:

Wa alaikumus salam Malama. Ki fara riƙe abu guda: tarihi ta karanta, tarihi ta koyar a jami'a. Duk abin da ta yi daga baya a kan wannan horon ya zauna.

Sunanta na yanka Fatima-Zohra Imalayène. An haife ta ranar 30 ga Yuni 1936 a Cherchell, wani tsohon gari a bakin teku, yamma da birnin Aljiyas. Mahaifinta Tahar malamin makaranta ne mai koyar da Faransanci a Mouzaïaville, shi ya sa ta a boko a zamanin da ake tsare sa'o'inta a gida da zarar sun fara tasawa. Ta kuma yi karatun allo. Ta wajen uwa jinin gidan Berkani ce, daga ƙabilar Beni Menacer masu zaune a duwatsun bayan Cherchell, waɗanda suka yaƙi Faransawa a zamanin Amir Abdulƙadir, jagoran yaƙi da mamayar Faransa a Aljeriya, suka sake tayar da ƙayar baya a 1871. Ki kula da wannan dangantaka ta wajen uwa, don ita ce ta buɗe mata ƙofofin gidaje lokacin fim.

Ta yi sakandare ta kwana a Blida, ta tafi Paris a 1954, shekarar da yaƙin neman 'yanci ya ɓarke. A 1955 ta shiga babbar makarantar horar da malamai mata ta Sèvres, ita ce 'yar Aljeriya ta farko da aka ɗauka a can. Da ƙungiyar ɗaliban Aljeriya Musulmi ta kira yajin karatu a watan Mayu 1956, ta bi sahu, ta ƙi zama jarrabawa, aka sallame ta. A wannan zaman ne ta rubuta littafinta na farko, La Soif, wanda ya fito a 1957, kuma a nan ta ɗauki sunan alƙalami don kada gida su ji. Labarin soyayya da kishi ne na wata budurwa 'yar masu hali, babu yaƙi a ciki. Masu kishin ƙasa suka yi mata ca: ana mutuwa a duwatsu ke kina rubuta wannan?

A 1958 ta yi aure ta koma Tunis tare da mijinta, wanda hukumar Faransa ke nema. A can ta yi wa jaridar El Moudjahid ta 'yan gwagwarmaya aiki, inda Frantz Fanon, likita kuma marubuci mai adawa da mulkin mallaka, shi ma yake rubutu, ta je sansanonin 'yan gudun hijira a kan iyaka tana ɗaukar bayanansu. Wannan shi ne karo na farko da ta zauna gaban talakawa tana rubuta abin da bakinsu ya faɗa. Daga 1959 ta koyar da tarihin Arewacin Afirka a Jami'ar Rabat, da aka samu 'yanci a 1962 ta dawo Jami'ar Aljiyas. Littattafai huɗu ta fitar cikin shekara goma, na ƙarshensu Les Alouettes naïves a 1967.

Daga nan ta yi shiru da ƙagaggen labari fiye da shekara goma, kuma a cikin shirun nan amsar tambayarki ta farko take. Matsalarta harshe ce. Matan da take son rubutawa a kansu, iyayenta da kakanninta, da Larabcin gida suke magana, wasu da harshen Amazig na duwatsu. Ita kuwa da Faransanci take rubutu, harshen waɗanda suka ci ƙasar da yaƙi, harshen da matan ba sa ji balle su karanta. Duk maganar da ta sa a bakinsu sai ta fito ba tasu ba. Fim ya ba ta abin da takarda ta hana ta: mace ta yi magana da muryarta, da karin harshenta, a ji ta kai tsaye. Ta dawo koyarwa a Aljiyas a 1974, ta shiga duwatsun da rakoda.

Sauran a taƙaice. Ta koma zama a Paris wajen 1980, daga baya ta koyar a Amurka, a Jami'ar Jihar Louisiana sannan a Jami'ar New York daga 2001. Ta samu kyautar adabi ta Neustadt a 1996, da kyautar zaman lafiya ta masu buga littattafai na Jamus a 2000. A 2005 aka zaɓe ta cikin majalisar harshen Faransanci mai kujeru 40, ita ce ta farko daga ƙasashen Magrib, wato arewa maso yammacin Afirka. Ta rasu a Paris ranar 6 ga Fabrairu 2015, aka kai ta Cherchell aka binne.

Mai Kyamara:

Malam ya share fage. Bari in ɗauki ɓangaren fim, don fina-finan biyu ne kacal, kuma hanyar aikinsu ta sha bamban ƙwarai.

Na farko shi ne La Nouba des femmes du Mont Chenoua, wanda gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Aljeriya ya ɗauki nauyinsa, ya fito a 1978, tsawonsa kusan awa biyu. Ya ci kyautar masu sharhin fim na duniya a bikin Venis a 1979. Ba fim ɗin gaskiya zalla ba ne. Ta ƙirƙiri wata mata, Lila, wadda ta dawo yankinsu shekara 15 bayan yaƙi tana neman labarin ɗan'uwanta da ya ɓace, mijinta kuma yana kan keken guragu bayan ya faɗo daga doki, ba ya magana, sai kallo. Lila 'yar wasa ce. Amma matan ƙauye da take zuwa wurinsu na gaske ne, abin da suke faɗa kuma shi ya same su: yadda suka dafa wa mayaƙa abinci suka kai daji, yadda aka ƙone musu gidaje, yadda aka kwashe musu 'ya'ya. Amfanin Lila shi ne ta zama kunnen mai kallo, ta yadda ba a buƙatar wata murya daga sama tana yi mana fassarar matan. Tsarin fim ɗin kuma ba na labari mai farko da ƙarshe ba ne. Ta bi tsarin nuba, kiɗan Andalus na Magrib mai babi-babi, kowane babi da saurinsa, daga buɗewa a hankali har zuwa rufewa da sauri. Ta sadaukar da shi ga mutum biyu: Béla Bartók, mawaƙin ƙasar Hungary da ya je yankin Biskra a 1913 yana naɗar kiɗan ƙauye, da Zoulikha Oudai, jarumar Cherchell da sojojin Faransa suka kama a 1957 ba a sake ganin ta da rai ba.

Matakan aikin su ne abin koyo. Ta fara da sauraro, ba da ɗauka ba. Ta daɗe tana yawo da rakoda kaɗai kafin ma'aikatan fim su iso, kuma ta shiga gidajen ne a matsayin 'yar dangi ta wajen uwa. Mai son yin irin wannan ya kiyaye waɗannan wuraren, don nan ake faɗuwa.

Idan ka iso rana guda da mota cike da maza, da fitilu da igiyoyin lantarki, tsohuwa za ta ba ka jawabin da take ba baƙin gwamnati: an sha wuya, an yi haƙuri, Allah ya kawo 'yanci. Ba ƙarya ta yi ba, amma ba shi kake nema ba. Zuwan farko gaisuwa ce, ba na'ura. Na biyu rakoda ƙarama. Kyamara sai an saba, kuma mutum biyu ko uku sun isa cikin ɗaki. Idan mai gida ko mai unguwa ya zauna a wurin, shi zai karɓe maganar, ko ita ta riƙa dubansa kafin kowace jimla. A nemi izininsa da ladabi, a yi hira da shi daban, sannan a bar mata su kaɗai da mace mai tambaya.

Kada a tambaye ta shekara. Ba da lissafin kalanda take riƙe abin ba. A tambaye ta wane ɗa take goyo a lokacin, an yi girbi ko ba a yi ba, azumi ne ko bayan salla. Daga baya kai ka daidaita da takardu. Kuma in ta yi shiru kada a cike mata shirun da wata tambaya, sau da yawa maganar gaske tana bayansa.

Sauti ya fi hoto muhimmanci a irin wannan aiki. Makirfo ya kasance kusa da baki, kamar taki guda, a rufe shi da soso saboda iska, a naɗi minti guda na shirun ɗakin bayan an gama don cike gurbi wajen haɗa hoto. Hoto mai ɗan duhu ana jure shi, murya da iska ta cinye kuwa ta tafi ke nan. Sannan a ware lokacin kwafe magana a takarda: awa guda ta hira tana cin awa biyar zuwa shida, in da karin harshen ƙauye ta fi haka. Wadda ba ta yarda a nuna fuskarta ba, a ɗauki hannuwanta, ko bayanta, ko ƙofar ɗakinta. Djebar ta yi amfani da nesa da inuwa da yawa, har wasu masu suka a Aljeriya suka ce fim ɗin ya cika jan jiki, ba shi da jarumtakar da aka saba gani a fina-finan yaƙin 'yanci. Ni a ganina wannan jan jikin shi ne mutuncin fim ɗin.

Na biyu, La Zerda ou les chants de l'oubli, na 1982, kusan awa guda, babu sabon hoto a cikinsa. Ta tattaro tsofaffin hotunan da Faransawa suka ɗauka a ƙasashen Magrib tsakanin 1912 da 1942, irin na kamfanonin labarai na Pathé da Gaumont: bukukuwa, sukuwar dawaki, tarbar manyan baƙi daga Paris. Ta sake jera su, ta ɗora musu wasu muryoyi da waƙoƙi na Larabci da Faransanci masu faɗin abin da hoton ya ɓoye. Mawaƙi Malek Alloula ya taya ta rubutun, Ahmed Essyad ɗan Maroko ya yi kiɗan. An kasa shi waƙa huɗu.

Aiki da tsohon hoto yana da nasa tarkon. Wanda aka ɗauka kafin zuwan fim mai magana da hannu ake juya kyamararsa, hoto 16 zuwa 18 a daƙiƙa. In ka saka shi a kan 25 na talabijin ba tare da gyara ba, mutane za su riƙa tafiya da sauri kamar 'yan wasan barkwanci, ka mayar da kakannin mutane abin dariya ba da niyya ba. Katin bayanin da ke jikin kowane faifai wanda ya ɗauka ne ya rubuta, yakan sa sunan gari ba daidai ba, yakan kira taron dole da sunan biki. A tabbatar daga gine-gine da sutura da wata majiya. Kuɗin izini kuma da daƙiƙa ko minti ake lissafa shi, ya danganta da ƙasashen da za a nuna da yawan shekaru, saboda haka a san farashi kafin a ƙulla fim a kan hoton da ba za a iya biya ba. Babban haɗarin shi ne hoton ya fi ƙarfin muryarka: mai kallo ya shagala da kyan dawakai ya manta da abin da kake faɗa. Maganinsa rage gudu, tsayar da hoto a kan fuskar wanda ke gefe, da maimaitawa.

Ɗalibar Adabi:

Na gode Malam, na gode Yaya Mai Kyamara. To bayan fim ɗin, me ya canza a rubutunta? Nan ne ban gane ba.

Hajiya Manazarciya:

Ƙanwata, komai ya canza, kuma a L'Amour, la fantasia na 1985 za ki gani da idonki. Kafin shi ta fitar da tarin gajerun labarai a 1980, Femmes d'Alger dans leur appartement, mai ɗauke da sunan zanen da Bafaranshe Delacroix ya yi a 1834, amma a na 1985 ne hanyar ta nuna sosai.

Zare uku ta tufka. Na farko rayuwarta, tun daga yarinyar da uba ya riƙe wa hannu zuwa makaranta. Na biyu cin Aljeriya da yaƙi daga 1830. Na uku muryoyin matan da ta naɗa lokacin fim. A kashi biyun farko babi na rayuwarta ne ke bin babi na tarihi, suna karɓa-karɓa. A kashi na uku matan suka shigo, aka tsara shi babi-babi irin na kiɗa. Wato yadda ake yanka hoto a jera a teburin haɗa fim, haka ta yi da babobi. Ba ta tsayawa ta ce miki ga alaƙar wannan da wancan, jerin ne ke faɗa.

Ga yadda take aiki da takarda. Tarihin 1830 kusan duka waɗanda suka ci yaƙin ne suka rubuta shi. Ita da kanta ta ƙirga bayanai 37 da aka buga a kan faɗuwar Aljiyas, uku kacal daga ɓangaren waɗanda aka kewaye. To ba ta ɓoye wannan ba. Takan kira mai shaidar da sunansa, ta faɗi muƙaminsa, ta faɗi inda yake tsaye lokacin da yake kallo. Misali Amable Matterer, hafsan jirgin ruwa, yana kan jirgi da asubar 13 ga Yuni 1830 yana rubuta yadda birnin ya bayyana. Sojoji suka sauka a Sidi Ferruch washegari, aka gwabza a Staouéli ranar 19, birnin ya faɗi ranar 5 ga Yuli. Tana ba ki abin da mutumin ya gani, sannan ta tambayi abin da bai iya gani daga inda yake ba: matan da ke kan soraye suna kallon jiragen fa? A nan ƙirƙira take shiga, kuma takan yi mata alama. Za ki ga ta ce tana zato, ko tana tambayar kanta, ko ta sa jimlar a sigar tambaya. Mai karatu bai taɓa rasa sanin inda takarda ta ƙare ba.

Babin da ya fi nauyi shi ne na kogunan Dahra. A watan Yuni 1845 Kanar Pélissier ya bi ƙabilar Ouled Riah har kogon da suka ɓuya da matansu da 'ya'yansu da dabbobinsu, ya sa aka tara itace a bakin kogon aka cinna wuta, hayaƙi ya kashe su. Ƙiyasin mamatan ya bambanta, daga wajen 500 zuwa sama da 1,000. Pélissier ya sa an fito da gawawwakin an ƙirga, ya rubuta rahoto dalla-dalla, rahoton ya isa Paris ya tayar da ƙura a majalisa. Bayan wata biyu wani hafsan Faransa, Saint-Arnaud, ya yi wa mutanen Sbéah irin wannan, amma shi toshe kogon ya yi, bai bar kowa ya shiga ba, rahotonsa na sirri ne, sai a wasiƙar da ya aika wa ɗan'uwansa aka ji. Djebar ta jera su biyun ta nuna cewa wanda ya rubuta ya bar mata gawar da za ta yi wa makoki, wanda ya yi shiru ya kashe mutanen sau biyu.

Muryoyin matan kuwa ta juya su zuwa Faransanci ba tare da ta goge su sun yi santsi ba. Ta bar gajerun jimloli, da maimaici, da rantsuwa, da yadda suke kiran sojoji gaba ɗaya da sunan Faransa, su ce Faransa ta hau dutse ta ƙone mu, suna kiran mayaƙa 'yan'uwa. Akwai Chérifa, wadda tana 'yar shekara 13 aka harbe ɗan'uwanta a gabanta. Kuskuren da masu koyi ke yi shi ne su gyara wa tsohuwa magana ta koma irin ta littafi, ko su cusa mata ra'ayin siyasar da ba ta furta ba. Kuskure na biyu shi ne zuba duk abin da aka tono a ma'adanar takardu cikin labari don kada wahala ta tafi a banza. Ita takan ɗauki abu ɗaya ƙarami daga shafuka masu yawa, kamar hannun mace da aka yanke wanda mai zane Fromentin ya ce ya tsinta a Laghouat, ta gina babi a kansa.

Labarin Zoulikha da ta fara bi tun lokacin fim bai zama littafi ba sai 2002, La Femme sans sépulture. Kaset ɗin da aka naɗa da kyau yana ciyar da marubuci shekara ashirin da ɗoriya.

Almajirin Sira:

Hajiya ta yi bayani mai gamsarwa. Ina so in ƙara littafin da zai fi jan hankalin mai karatu Musulmi, kuma wanda ya fi buƙatar taka-tsantsan: Loin de Médine, na 1991. Ta rubuta shi bayan tarzomar Oktoba 1988 a Aljeriya, lokacin da muhawara a kan matsayin mace a addini ta yi zafi.

A nan majiyarta ba Faransawa ba ne, malaman tarihinmu ne: Ibn Hisham, da Ibn Sa'ad mai Ɗabaƙat, da Ɗabari. Labarin ya fara daga wafatin Manzon Allah (SAW) a shekara ta 11 bayan hijira, ya ratsa yaƙoƙin ridda a zamanin Sayyidina Abubakar (RA). Dabarar ita ce dai ta baya. Takan nemo matar da aka ambata a layi biyu ko uku a cikin ruwaya, ta tsaya a kanta. Akwai Nana Faɗima (RA) da maganar gado, akwai Nana A'isha (RA) a matsayin mai ruwaya, akwai Asma'u bint Umais da Ummu Hakim, har da waɗanda suka yi tawaye irin su Sajah da ta yi da'awar annabci. Ta bayyana cewa mutanen littafin na tarihi ne, ban da wata mai ruwaya, Habiba, wadda ita ta ƙirƙira, kuma ta kira aikin nata ijtihadi.

Inda nake jan hankali, Malama: littafin tarihi irin na Ɗabari yana kawo ruwayoyi mabambanta a kan abu guda, kowace da isnadinta, ya bar wa mai ilimi tantancewa. Mai ƙagaggen labari dole ya zaɓi ɗaya don labari ya tafi, kuma sau da yawa wadda ta fi motsa zuciya yake ɗauka, ba wadda ta fi inganci ba. Sannan tunanin da ta sa a zukatan Sahabbai nata ne, babu ruwayar da ta kawo shi. Saboda haka a karanta shi a matsayin adabi, kada a kafa hujja da shi. Wanda zai yi irin wannan aiki ya ajiye littafin rubutu daban, kowane babi ya rubuta ruwayar da ya ɗauka, da juzu'i da shafi, da waɗanda ya bari da dalilinsa, kuma ya kai wa malamin hadisi ya duba kafin bugu. Ni da za a bi shawarata, maganar da ba a ruwaito ba a sa ta a bakin wanda aka ƙirƙira, kamar yadda ta yi da Habiba, a bar Sahabbai da abin da aka ruwaito daga gare su.

Malam Mai Tarihi:

Na yarda da Malam Almajiri. Hajiya, a kan Pélissier ina da ƙari, don wurin ya jawo mata suka. Ta kai ga cewa tana jin kamar ta gode masa saboda ya rubuta, wasu masu karatu kuwa suka ga bai kamata a yi wa mai kisan kiyashi ko da inuwar godiya ba. Ina ganin sukar tana da tushe ta fuska guda: rahoton soja ba don Allah aka rubuta shi ba. Hafsa yana rubuta wa na gaba da shi ne, yana kare kansa ko yana neman ƙarin girma. Yakan ƙara yawan abokan gaba, ya rage nasa mamatan, ya ce ya yi tayin sulhu an ƙi. Don haka kowace takarda a yi mata tambaya huɗu: wa ya rubuta, wa ya rubuta wa, kwana nawa bayan abin, me yake tsoro ko yake nema. Wasiƙar gida takan fi rahoton ofis gaskiya, amma wadda aka buga bayan mutuwar mai ita, kamar na Saint-Arnaud da suka fito a 1855, ta bi ta hannun dangi, a lura da wannan.

Wannan matsala ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Abin da ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine ya yi a Birnin Konni da Lugu, a ƙasar Nijar ta yau, a 1899, da abin da Turawan Ingila suka yi wa garin Satiru kusa da Sakkwato a 1906, mafi yawan takardunsu na waɗanda suka yi ɓarnar ne. Na Ingilishi ana samun su a gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna da kuma Arewa House, na Faransa kuwa da yawa suna Aix-en-Provence, na soja a Vincennes. Bambancin shi ne Djebar ta iske matan yaƙin 1954 zuwa 1962 da ransu. Mai aiki a kan 1899 ko 1906 jikoki da tattaɓa-kunne zai samu, da waƙoƙi da kirari, don haka ya rubuta wa kowace ruwaya silsilarta: wa ya faɗa, daga wa ya ji.

Mai Kyamara:

Ƙari kaɗan ga Malama, tunda nazari za ki yi. Jerin da zai fi miki sauƙi shi ne ki kalli fim na farko, sannan ki karanta littafin 1985, sannan Vaste est la prison na 1995, don a cikinsa akwai babobin da ta ba da labarin kwanakin ɗaukar fim ɗin, da yadda ta tsaya tana ba ma'aikata maza umarni a lokeshin. Littattafan nan biyu duk an fassara su zuwa Ingilishi. Wajen kallon fim ɗin ki nemi kwafi mai fassara a ƙasan hoto, don maganar matan da Larabcin yankin ne, wanda ya karanta Larabcin makaranta ma ba zai kama duka ba. Ki riƙe takarda ki rubuta mintin da kowace mace ta fara magana da mintin da ta gama, da abin da kyamara ke nunawa a lokacin, sai ki ɗora wannan a gefen babobin muryoyi na kashi na uku na littafin ki gwada tsawonsu da jerinsu.